Tarihin Hannatu, matar da ta roƙi ɗa sannan ta sadaukar da shi

Da wuya a samu unguwa a Kano, Zariya, Jos ko Yola da babu mace mai suna Hannatu a cikinta, Musulma ko Kirista. Galibin Musulmi suna danganta sunan da mahaifiyar Nana Maryamu, matar Imrana, wadda aya ta 35 ta Suratu Ali Imrana ta ba da labarin bakancen da ta yi a kan abin da ke cikinta. Alƙur'ani bai ambaci sunanta ba, malaman tafsiri ne suka ce Hannatu ake kiran ta. Sai dai akwai wata Hannatun da ta riga wannan zuwa duniya da kimanin shekara 1,000, wadda ita ma ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, ita ma kuma ta yi bakance. Ita ce mahaifiyar Sama'ila, mutumin da ya naɗa sarakuna biyu na farko na Bani Isra'ila.

Kada mai karatu ya ɗauka Annabi Isma'ila ɗan Annabi Ibrahim (AS) ake nufi. Fassarar Hausa ta Littafi Mai Tsarki ce take kiran ɗan Hannatu da suna Sama'ila. Yahudawa suna ce masa Shemu'el, Larabawa kuma Shamwilu. Malaman tafsiri da dama sun tafi a kan cewa shi ne annabin da aya ta 246 ta Suratul Baƙara ta ambata ba tare da suna ba, wanda manyan Bani Isra'ila suka nema ya naɗa musu sarki, aka ba su Ɗalutu.

Labarin Hannatu yana cikin babi biyu na farko na Littafin Sama'ila na Ɗaya. Matar aure ce daga wani ƙauye, ba ta yi sarauta ba, ba ta ja runduna ba. Duk da haka malaman Yahudawa sun lissafa ta cikin mata bakwai da suke ɗauka annabawa ne, kuma daga yadda ta yi addu'a suka ciro ƙa'idojin ibadarsu ta kullum.

Mowa ce, amma ba ɗa

Hannatu ta rayu ne a ƙarni na 11 kafin Miladiyya, a ƙarshen zamanin da ake kira na Mahukunta, lokacin da ƙabilun Isra'ila ba su da sarki, kowa yana yin abin da ya ga dama. Sunanta ya fito daga tushen kalma mai nufin alheri da tausayi, wanda yake ɗan'uwan kalmar Larabci ta hanan. Mijinta shi ne Elkana ɗan Yeroham, mutumin Rama a ƙasar tuddai ta Ifraimu. Littafin Tarihi na Ɗaya ya sanya shi cikin zuriyar Lawi, ƙabilar da aka keɓe domin hidimar ɗakin ibada.

Mata biyu ne da Elkana, Hannatu da Feninna. Tunda sunan Hannatu aka fara ambata, ana ganin ita ce uwargida. Wata ruwaya ta malaman Yahudawa ta ce sai da ta shekara goma ba haihuwa kafin a yi mata kishiya. Feninna ta shigo ta cika gida da 'ya'ya maza da mata, amma zuciyar maigida tana wajen Hannatu. A bakin Bahaushe, mowar gidan juya ce, borar kuma ita ce mai 'ya'ya. Kowacce tana riƙe da abin da 'yar'uwarta ta rasa, kuma gidan da aka yi irin wannan rabo ba ya zama lafiya.

Sau ɗaya a shekara Elkana kan kwashi iyalinsa zuwa Shilo domin miƙa hadaya. Shilo ita ce cibiyar ibadar Bani Isra'ila a lokacin, tun da Yusha'u ya kafa alfarwar sujada a can, kuma a nan Akwatin Alkawari yake, wanda Alƙur'ani ya kira Tabutu. Kufan garin yana nan a Yammacin Kogin Jodan, kimanin kilomita 30 arewa da Ƙudus, a wurin da Falasɗinawa ke kira Khirbet Seilun. Ba'amurke Edward Robinson ne ya gane wurin a 1838.

A irin wannan hadaya, ana ƙona kitsen dabba a kan bagade, firistoci, wato limaman ɗakin ibada, su ɗauki kasonsu, sauran naman kuma iyali su ci. A wajen rabon ne ciwon Hannatu yake fitowa fili. Elkana zai ba Feninna nata kason, ya bi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juyo kan Hannatu da ke zaune ita kaɗai. Kalmar Ibrananci da ta bayyana abin da yake ba ta tana da wuyar fassara. Wasu sun ce ninki biyu yake ba ta saboda so, tsohuwar fassarar Girkanci kuma ta ce kaso ɗaya tak take samu domin ba ta da ɗa. Ko wanne aka ɗauka, a gaban jama'a ake ƙidaya mata rashinta kowace shekara.

Feninna takan zaɓi wannan lokaci ta yi mata gori, har Hannatu ta fashe da kuka ta ƙi cin abinci. An ce kishi kumallon mata, amma a nan gaskiya ita ce da hannun maigida a ciki, domin matar da ta haifa wa mutum 'ya'ya tana kallo ana fifita wata a kanta ba za a rasa ɗaci a bakinta ba. Akwai ma malaman Talmud da suka yi wa Feninna uzuri, suka ce niyyarta ita ce ta tunzura Hannatu ta dage da addu'a. Uzurin yana da wuyar karɓa ga duk macen da aka taɓa yi wa habaicin haihuwa.

Elkana ya yi ƙoƙarin rarrashi. Ya tambaye ta dalilin kukanta da ƙin cin abincinta, ya kuma tambaye ta ko shi bai fiye mata 'ya'ya goma ba. Magana ce ta ƙauna, amma ta mutumin da bai fahimci inda ƙaya ta soki matarsa ba. Shi yana da magada. A dokar gado ta Attaura, ƙasa tana zuwa ga 'ya'ya maza, in babu sai mata, in babu sai 'yan'uwan mamaci, ba a lissafa matar mamaci a jerin ba. Ranar da Elkana ya kwanta dama, gida da gona na 'ya'yan Feninna ne, ita kuwa Hannatu sai abin da suka ga damar yi mata. Littafin bai rubuta cewa ta ba shi amsa ba.

Wani abin lura shi ne marubucin bai ɗora mata laifi ko na ƙwayar zarra ba. Sau biyu ya ce Ubangiji ne ya rufe mahaifarta, bai ce don ta yi zunubi ba ne. Wannan darasi har yau bai shiga gidaje da yawa ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Afrilun 2023 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, maza da mata, amma a wurinmu mace ce ake fara nuna wa yatsa.

Addu'ar da aka ɗauka maye ne

A wata shekara, bayan an gama ci da sha, Hannatu ta tashi ita kaɗai ta nufi ɗakin ibada. Babban firist, wani dattijo mai suna Eli, yana zaune a kujerarsa kusa da madogarar ƙofa. Ba ta je wurinsa ba, ba ta nemi mijinta ya roƙa mata ba. Ta tsaya tana kuka mai zafi, ta yi bakance cewa idan Ubangiji ya dubi wahalarta ya ba ta ɗa namiji, za ta miƙa masa shi duk tsawon rayuwarsa, aska kuma ba za ta taɓa kansa ba.

Maganar aska tana nuni ne ga dokar keɓaɓɓe da ke babi na 6 na Littafin Ƙidaya. Wanda ya keɓe kansa ga Ubangiji ba ya aski, ba ya shan ruwan inabi, ba ya kusantar gawa. Yawanci na ɗan lokaci ne, mutum ya cika kwanakinsa ya koma harkokinsa. Hannatu ta yi nata ne na har abada, a kan ɗan da ko cikinsa ba a samu ba. Idan aka duba da kyau, abin da ta yi alkawarin bayarwa shi ne ainihin abin da ya sa take neman ɗan, wato mai riƙe ta in ta tsufa, mai tsaya mata a gaban 'ya'yan kishiya.

A zuci take addu'ar, leɓɓanta suna motsi amma ba a jin muryarta. A zamanin kuwa an saba ɗaga murya wajen roƙo, ga shi lokacin idi ne, an ci an sha ruwan inabi. Eli ya zuba wa bakinta ido, ya yanke hukuncin cewa a buge take, ya tsawata mata ta bar shaye-shaye. Mace ta gudo daga gorin kishiya, ta zo ɗakin Allah, sai shugaban addini ya tarbe ta da zargi.

Amsar da ta ba shi tana cikin wuraren da halinta ya fi bayyana. Cikin ladabi ta kira shi shugabanta, ta kira kanta baiwarsa, amma ba ta karɓi zargin ba. Ta shaida masa cewa ba ta sha komai ba, ita mace ce mai baƙin ciki da ke zazzage abin da ke ranta a gaban Ubangiji, ta kuma roƙe shi kada ya ɗauke ta 'yar banza. Eli ya janye, ya sallame ta da fatan Allah ya biya mata bukatarta, ba tare da ya san mece ce bukatar ba. Ta koma ta ci abinci, fuskarta ta saki. Wannan ya faru ne kafin wani abu ya sauya a jikinta.

Daga wannan tsayuwa malaman Talmud, a sashen Berakot, suka ciro hukunce-hukunce: mai addu'a ya tattara zuciyarsa, ya furta kalmomin da leɓɓansa, kada ya ɗaga murya, kuma mashayi ba ya addu'a. Sun ƙara da cewa wanda aka zarga da abin da bai yi ba ya wanke kansa, wanda ya yi zargin kuma ya sa masa albarka. Shi ya sa har gobe babbar addu'ar tsaye ta Yahudawa a asirce ake fara yin ta. Sun kuma lura cewa Hannatu ce ta fara kiran Allah da laƙabin Ubangiji Mai Runduna a cikin addu'a. A ranar farko ta sabuwar shekararsu, labarinta ake karantawa a majami'u. A ɓangaren Kiristoci, Yohanna Kirisostom ya yi wa'azi biyar a kanta a birnin Antakiya a shekara ta 387.

Cika alkawari

Sun koma Rama, Hannatu ta yi ciki, ta haifi ɗa namiji. Ita ta raɗa masa suna, ta ce saboda roƙo ta same shi daga Ubangiji. Kalmar roƙo a Ibrananci, sha'al, 'yar'uwar sa'ala ce ta Larabci, tushen da ya ba Hausa kalmar mas'ala.

Da lokacin zuwa Shilo ya zagayo, ta ce ba za ta je ba sai ta yaye yaron, sannan ta kai shi ya zauna can dindindin. A nan Elkana ya cancanci yabo. Babi na 30 na Littafin Ƙidaya ya ba miji ikon warware bakancen matarsa a ranar da ya ji shi. Ɗan fari ne na matar da ya fi so, da ya so da ya hana. Ya ce mata ta yi abin da ta ga ya dace.

Shayarwa a wancan zamani takan kai shekara uku. Ke nan yaron da za a rabu da shi ya fara magana, ya san uwarsa, ya iya kiran ta. Bakance a lokacin ƙunci abu ne mai sauƙi, kowa yana yi, ɗan kasuwar da kayansa suka maƙale a hanya yana yi, ma'aikacin da ke jiran ƙarin girma yana yi. Biya bayan an samu sauƙi ne yake gagarar mutane, kuma Hannatu tana da uzurori a hannu in ta so fakewa: yaro ƙarami ne, ba ta da wani, Eli ya tsufa. Ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Ta tafi da shi tare da bijimi ɗan shekara uku, ko bijimai uku a wani karatun, da garin alkama awo ɗaya na efa, kimanin lita 22, da salkar ruwan inabi. Ta tuna wa Eli cewa ita ce matar nan da ta tsaya kusa da shi tana addu'a, ga abin da ta roƙa, ta kawo shi.

Daga nan sai waƙar yabo da ta cika ayoyi goma na farkon babi na biyu. Abin mamaki, kusan babu zancen jariri a cikinta. Jigonta shi ne Allah yana juya al'amura: bakan jarumi ya karye, mai tuntuɓe ya yi ƙarfi, ƙosasshe ya shiga ƙodago don neman abinci, mayunwaci ya huta, juya ta haifi bakwai, matalauci a ɗaga shi daga ƙura ya zauna da sarakuna. Ta rufe da ambaton sarki, alhali ba a yi sarki a Isra'ila ba tukuna. Wannan ya sa masu nazarin zamani da yawa suke ganin waƙa ce ta zamanin sarauta da aka sanya a wurin daga baya, yayin da malaman gargajiya suka ɗauke ta annabci, ciki har da Augustine na Hippo a littafinsa Birnin Allah. Wanda ya karanta waƙar Maryamu a babi na farko na Linjilar Luka zai ji amon ta Hannatu a ciki.

Sai dai gidan da ta bar ɗanta ba gidan kirki ba ne a lokacin. 'Ya'yan Eli biyu, Hofni da Finehas, sun mai da ɗakin ibada wurin ci. Baransu kan zo da cokali mai yatsa uku ya caka a tukunyar mai hadaya, duk abin da ya fito na firist ne. Wani lokaci sukan nemi ɗanyen nama tun kafin a ƙona kitse, wanda ya yi gardama a ƙwace da ƙarfi. Har lalata suke yi da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa. Mahaifinsu ya yi musu faɗa da baki, amma bai tsige su ba. Iyalin da ke zuwa Shilo duk shekara ba za su rasa ganin wannan ba. Hannatu ba ta mai da lalacewar ma'aikata hujjar fasa biyan abin da ta ɗauka wa Allah ba.

Ba ta kuma yi watsi da yaron ba. Kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa idan sun je hadaya. A wancan zamani, wannan yana nufin kaɗi da saƙa na makonni, da ƙiyasin yadda yaron da ba ta gani ba tsawon shekara ya girma. Iyayen da ke miƙa yaro ga malami a wani gari su shekara biyar ba su leƙa shi ba, suna cewa sun bar wa Allah, ya kamata su tsaya a kan wannan ayar. Eli ya riƙa sa wa ita da mijinta albarka, daga baya ta haifi 'ya'ya maza uku da mata biyu. A nan littafin ya sallame ta, bai sake ambaton sunanta ba.

Abin da yaron ya zama

Sama'ila yana yaro, yana kwana kusa da Akwatin Alkawari, aka kira sunansa da dare. Sau uku yana rugawa wurin Eli yana zaton shi ne, kafin dattijon ya gane daga inda kiran yake. Saƙon farko da aka ba shi hukunci ne a kan gidan mutumin da ya rene shi. Hukuncin ya tabbata a yaƙin Afek, inda Filistiyawa suka kashe mutum 4,000 a karon farko, 30,000 a karo na biyu, suka kashe Hofni da Finehas, suka tafi da Akwatin. Eli, mai shekara 98, yana jin labari ya faɗo daga kujerarsa, wuyansa ya karye. Masu tonon tarihi daga Denmark da suka yi aiki a Shilo daga 1926, da tawagar Israel Finkelstein a farkon shekarun 1980, sun tarar da gine-gine da manyan tuluna a cikin toka, alamar an ƙone garin wajen shekara ta 1050 kafin Miladiyya.

Bayan wannan, Sama'ila ya koma Rama, garin mahaifiyarsa, ya yi gida ya gina bagade. Daga can yake zagaya Betel da Gilgal da Mizfa duk shekara yana yanke shari'a. Shi ya zuba wa Saul, wato Ɗalutu, man naɗi, daga baya ya zuba wa Dawuda (AS). Da ya zo sauka daga shugabanci, ya tsaya a gaban jama'a ya nemi duk wanda ya taɓa ƙwace wa sa ko jaki, ko ya zalunta, ko ya karɓi toshiyar baki daga hannunsa, ya fito ya faɗa a biya shi. Ba wanda ya fito. Nasa 'ya'yan kuwa, Yowel da Abiya, da ya sa su alƙalanci a Biyasheba, cin hanci suka shiga, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa jama'a suka nemi sarki. An binne shi a Rama. A arewa maso yamma da Ƙudus akwai tudun da ake kira Nabi Samwil, inda masallaci yake a kan wurin da al'ada ta ce kabarinsa ne, Musulmi da Yahudawa duk suna girmama shi.

Rigar nan ta sake fitowa sau biyu a tarihinsa. Ranar da ya shaida wa Saul cewa an ƙwace mulki daga hannunsa, ya juya zai tafi, sarkin ya cafko gefen rigarsa ta yage, Sama'ila ya ce haka aka yage sarautar daga gare shi. Sannan bayan rasuwarsa, a daren da ya gabaci yaƙin Dutsen Gilbowa, littafin ya ce Saul ya ɓad da kama ya je wurin wata bokanya a Endor domin ta kira masa Sama'ila. Ya tambaye ta siffar wanda take gani, ta ce tsoho ne lulluɓe da riga, nan take ya gane shi. Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita a wuraren biyu ita ce me'il, wadda aka kira 'yar rigar da Hannatu take ɗinkawa tana kai wa Shilo da ita.